Tsohuwar 504 da kujerunta na fata

Akwai wata kalma da ta daɗe tana ruɗa ciniki a bakin iyakar nan tamu, ita ce leda. Asalinta sunan fata ne a Turancin Ingilishi, amma da ta shigo bakin Bahaushe sai ta juya wa asalinta baya, ta zama sunan jakar da ake zuba tumatir, da shimfiɗar ɗakin amarya, da robar da ake lulluɓe kujeru da ita. Saboda haka, mai karatu, in dillali a tashar Ƙonni ya rantse maka cewa kujerun motar da yake talla na leda ne, ka tambaye shi wacce yake nufi, ta Bature ko ta Bahaushe. Gane su ba wuya. Danna yatsa a kan mazauni: fata takan yi ƙananan tamoji kewaye da yatsan kamar fatar hannun mutum, leda kuwa sai ta lotsa kawai. In ka sami bakin ɗinki ka leƙa bayanta, fata gashi-gashi gare ta, leda kuwa yadi ne aka manna mata. Mercedes da yawa da alhazanmu suka yi alfahari da su a shekarun 1980 ba fata ba ce a cikinsu, wata roba ce mai ƙarko da kamfanin ke kira MB-Tex, kuma ba abin kunya ba ne, don ta fi fata jure wulaƙanci.

Motar da mahaifinmu ya bar mana tata fata ce ta gaskiya. Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo, ƙirar Faransa ta 1974. Duk wanda ya yi wayo kafin karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ya san matsayin wannan mota a ƙasar nan. An fito da ita a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, a shekarar kuma aka soma harhaɗa ta a Kaduna, inda aka ci gaba da yin ta har bayan shekara ta 2000, alhali Faransa ta daɗe da bari. Waɗanda suka riƙa ƙetarowa daga Kaduna ta Sakkwato, waɗanda suka cika tashoshinmu suna ɗaukar fasinja, yadi ne ko leda a kujerunsu. Tamu wani Bafaranshe ne ya zo da ita daga gida, ya gama aikinsa a 1979, ya sayar wa Baba.

Baba ma'aikacin gidan dabbobi ne, sashen fatu da ƙiraga. Ya yi aiki a Illelar Adar, garin Sarkin Adar, ba Illelar Amarawa ta Najeriya da ke nan kusa da mu ba, daga baya aka maido shi Ƙonni. Aikinsa bin mahauta da kasuwanni, Badagishiri yau, Gidan Idar gobe, yana koya wa masu fiɗa yadda za su raba fata da nama ba tare da wuƙa ta yi mata rauni ba, yana hana shanya fata a ƙasa cikin rana, yana sa a ɗaure ta a katako cikin inuwa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan haka ba zai ga kujerar fata ya wuce ba. Mahaifiyarmu takan ce kujerun ya saya, aka ba shi motar gyara.

Ya rasu a 2016. Motar ta faɗo cikin rabona da ƙanena, ta yi shekaru a ƙarƙashin wata rumfar kwano da iska ta ɗebe wa rabi, muna jiran a gama wasu lissafe-lissafen gado da ba su shafi wannan shafi ba. Da muka buɗe ta, injin bai ba makaniki wahala ba, don kayan 504 har yanzu ana samunsu a Sakkwato da Kano. Kujerun ne suka tsaya mana a rai. Mazaunin direba ya tsattsage kamar ƙasan tabkin da ya ƙafe, ɗinkin majingina ya ɓalle wajen taki guda, saman kujerar baya, inda rana ke faɗowa ta gilashi, ya bushe ya ƙanƙance har ya janye daga ɗinkinsa. Sauran wuraren sun dushe da datti, amma suna nan.

Ƙanena ɗan kasuwa ne, albasar Galmi yake kaiwa Abijan, kuma lissafinsa ba ya kuskure. Ya ce: «Yaya, a kai ta wurin masu ɗinkin kujeru su yaye wannan tsumma su sa leda sabuwa. Kwana biyu an gama, jikkuna kaɗan ne.» Gaskiyarsa ta fuskar kuɗi da lokaci. Abin da na ce masa shi ne, leda ana saye a kowace kasuwa, amma fatar da ta shekara hamsin a mota in aka yaye ta an yaye ke nan, ba masaƙar da za ta sake saƙo ta. Masu tara tsofaffin motoci a Turai ma, waɗanda su ne ke sa wa irin wannan kaya farashi, sun fi daraja kujerar asali mai tamoji bisa sabuwa mai walƙiya. Ya ba ni wata uku, ya ce in ban gyara ba zai kira masu leda.

Da labari ya bazu, sai masu shawara suka yi mini caa. Wani ya ce man gyaɗa, wani man kaɗe, wani man shanu, wani ya ce a wanke da Omo a goge da man takalmi, wani direban tasha ma ya ce a shafe dattin da esansi. Kowannensu da niyyar alheri, amma duka gyaran gangar Abzinawa ne. Esansi yana narkar da launin da aka shafa a saman fatar, ya bar ta tsirara. Garin wanki da sabulun toka da kanwa suna da kaifin da fata ba ta so, don ita fata mai ɗan tsami ce tun daga majema, in aka yi ta wanke ta da kishiyar tsami sai zarurrukan cikinta su saki juna, ta bushe ta yi ƙarau. Man takalmi ba ya shiga, a sama yake zama, ranar Juma'a ya bi farar shadda zuwa masallaci. Man gyaɗa da man shanu kuwa sukan yi ɗoyi in zafi ya bugo, su tara ƙura, su kira kiyashi da ɓeraye.

Kafin a yi maganar magani ya kamata a san ciwon. Abu huɗu ke cin fata a ƙasar nan, kuma rana ce babbarsu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe aka bari a fili yakan wuce 60. A irin wannan zafi man da majemi ya sa a cikin fata yana ƙaura, ita kuma tana ƙanƙancewa, kuma fatar da ta ƙanƙance da zafi ba ta komawa. Hunturu ya zo ya tsotse ɗan danshin da ya rage. Ƙura ta shiga cikin ɗinki da tamoji, duk zaman da mutum ya yi tana gurzar fata da zare kamar takardar yashi. Wanda ke bin hanyar Tsarnawa zuwa Malbaza, inda ake haƙar farin dutse ana yin siminti tun shekarun 1960, ya san ƙurar da nake nufi. Sai gumi, mai gishiri, wanda ke cin launi a wurin wuya da hannuwa. Damina ma tana da nata rabo: motar da aka kulle a watan Agusta takan yi furfurar fumfuna.

Wurin dukawa na nufa. Mutane sun yi mamaki, don a ganinsu baduku na sirdi ne da kube da laya da takalmi, mota kuwa ta makaniki ce. Amma makaniki ƙarfe ya sani, mai ɗinkin kujeru leda da keke ya sani, fata kuwa mai ita ake kai wa. Wani dattijo ne da ya san Baba tun zamanin da yake zagayen mahauta. Na kai masa motar ƙofar gida. Ya shiga ya zauna, ya shafa, ya sunsuna, ya lanƙwasa bakin tsagar ya dubi cikinta, sannan ya ce: «Ɗana, wagga hwata jimar Nasara ta. Dubi cikinta, shuɗi-shuɗi. Tamu ja ta har ciki.»

A nan ne darasin yake, kuma shi ne abin da masu shawarar mai ba su sani ba. Jima iri biyu ce. Tamu ta bagaruwa ce: a jiƙa fata, a sa ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a tausasa ta da kashin kaji ko na tantabara, sannan a tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa ta kwana biyu ko fiye tana sha, a shafe ta da mai, a murje, a rina da karan dafi in ja ake so, ko kuloko in baƙi. Irin wannan fata buɗaɗɗiya ce, tana shan mai kamar yadda ƙasa ke shan ruwan farko, shi ya sa man gyaɗa ke yi wa sirdi amfani. Ta Turai kuwa, tun da wani mai suna Augustus Schultz ya fito da dabararta a Amurka a 1884, da gishirin wani ƙarfe ake yin ta, wanda ake kira kurom. Kwana guda ya isa, fatar ta fito shuɗi-shuɗi, mai laushi, mai jure zafi da ruwa fiye da ta bagaruwa. Akasarin fatar da ake jemewa a duniya yau ta wannan hanya ce, kuma kujerun fata da yawa na motocin wancan zamani da ita aka yi su. Bayan jima sai a tsaga ƙirgin saniya a rage masa kauri ya dawo kamar milimita ɗaya da ɗan ɗori, a fesa masa launi, a rufe da wani siririn fenti. Wato abin da hannunka ke taɓawa a kujerar mota fenti ne, fatar tana ƙarƙashi. Man da ka zuba a kai ba shi da ƙofar shiga sai ta tsaga da ramin ɗinki, sauran ya zauna a sama ya zama tarkon ƙura.

Na tambaye shi ko za a sake mazaunin direba gaba ɗaya da jar fatar akuya, don na san darajarta. Ya girgiza kai. Fatar akuya ƙarama ce, ba ta kai faɗin mazauni ba sai an yi haɗi. Karan dafi yana zuba in gumi ya taɓa shi. Fatar bagaruwa tana duhu a rana, ruwa yana yi mata tabo. In kuma ta haɗu da ƙarfen kujera ga danshi sai ta yi baƙi, don haɗuwar ƙarfe da bagaruwa ita ce ainihin sirrin kuloko. Ya ce tamu za ta yi aiki, amma daga ciki, inda ido ba ya gani. Ban taɓa jin mai sana'a ya faɗi iyakar kayansa da irin wannan natsuwa ba, alhali da ya ce a sake duka, da kuɗinsa ya fi yawa.

Muka kwance kujerun muka shigar da su zaure. Aikin farko nawa ne, wato wanki. Buroshi mai laushi na bi kowane ɗinki da shi na fitar da ƙurar shekaru, don in aka sa ruwa kafin a share, ƙura takan zama laka ta shige tsaga. Sannan tsumman auduga da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulun jarirai, a matse tsumman har ya daina ɗiga, a goge wuri kamar faɗin tafin hannu, a bi da wani tsumman na ruwa zalla, a bi da busasshe. Ba a jiƙa fata, ba a gurza, ba a shanya ta a rana. Kowane abu kuma sai an gwada shi a ɓoyayyen wuri a ƙarƙashin kujera an kwana an gani. Mako guda na yi a kan wannan, bayan an tashi daga aiki. Launin da ya fito daga ƙarƙashin dattin ruwan goro ne. Ƙanena, da aka haifa bayan an sayi motar, ya zaci baƙa-baƙa ce tun asali.

Mai kuwa, ƙanena ne ya sayo mini a Abijan, irin wanda ake yi musamman don fatar kujeru, mai haɗin man ulun tumaki. Tsohuwar fata irin ta 1974 fentinta ya riga ya yi ƙananan ƙofofi, saboda haka tana sha, amma a hankali. A shafa kaɗan da yatsu, a bar shi ya kwana, a goge abin da bai shiga ba, a sake bayan kwana uku. Wanda ya yi gaggawa ya malala mata mai da yawa zai sami fata mai danƙo, ɗinki kuma ya ruɓe. Sai a shafa ta huɗu mazaunin ya soma lanƙwasuwa ba tare da ƙara ba, kuma sai a lokacin dattijon ya yarda ya sa allura, don busasshiyar fata in aka ja ta da zare yagewa take yi.

Da ya buɗe mazaunin sai ga asalin ɓarnar: soson da ke ciki ya zama gari. Soso in ya mutu fata ba ta da abin dogara, duk zama sai ta ninke a wuri guda, ninkin ya zama tsaga. Masu mota da yawa suna ta shafa mai a sama alhali ciwon yana ƙasa. A nan mai ɗinkin kujeru ya yi ranarsa, shi ya yanko sabon soso daidai da siffar tsohon. Dattijon kuma ya ɗauko fatar akuya marar rini, ya fefe ta har ta yi kamar takarda, ya manna ta a bayan kowace tsaga, ya haɗa bakunan suka sumbaci juna. Ɗinkin da ya ɓalle bai kai shi keke ba. Keke sababbin ramuka yake hudawa kusa da tsofaffi, fata ta zama kamar takardar tambur mai jiran a yage. Da basilla da allura biyu da zare mai kakin zuma ya bi tsofaffin ramukan ɗaya bayan ɗaya, waɗanda wani ma'aikaci ya huda a Faransa shekara hamsin da suka wuce. Kwana tara ya yi a kan majingina guda, yana aiki daga hantsi zuwa azahar, don idonsa ba ya ɗaukar hasken yamma.

Saman kujerar baya ne kawai ya gagara. Abin da rana ta dafa ya dafu. Aka samo wani yanki daga kujerar wata matacciyar mota a wurin masu kayan gwangwani, mai kusan launin, aka yi masa ƙari.

Ina zaune kusa da shi a waɗannan kwanaki, abin da ke yi mini yawo a zuci shi ne aikin Baba. Fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato ta yi suna a duniya tun ayarin raƙuma na kai ta Arewacin Afirka, Turawa suna saye a can suna kiranta fatar Maroko. Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda jemammun fatu da takalma ke fita daga birnin zuwa Tarabulus. Masu ɗaurin littattafai a Ingila da sunan Neja suke kiran mafi kyawunta. Gwamnati ta buɗe cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi a 1963, aka kafa majemar zamani ta SONITAN a garin, wadda ta yi aiki a shekarun 1970 da 1980 kafin ta rufe. Yau akasarin fatunmu ɗanyu suke ƙetare iyaka, na awaki da tumaki zuwa majemun Kano daga nan zuwa Italiya da Sipaniya, ƙiragan shanu kuwa da yawansu a tukunya suke ƙarewa, an babbake an yi ganda. Ƙasar da ke da dabbobi fiye da mutane, ga ta ba ta da inda ma'aikaci zai sayi ƙirgi guda da ya dace da kujerar mota. Ba na zargin mahauci da ya sayar wa mai ganda, shi ne ya fi biya, kuma nan take. Amma ƴan kasuwarmu da ke da jarin sayen tireloli goma, ban ga dalilin da zai hana ɗayansu duban wannan fanni ba, ga bagaruwa a daji, ga fata a mahauta, ga hanya ta ratsa gari.

Dattijon yana da ƴaƴa maza uku. Ɗaya yana kabu-kabu tsakanin Ƙonni da bakin iyaka, ɗaya yana sayar da esansi a kwalba, ƙaramin ne kawai ke zama kusa da shi wani lokaci, shi ma ya fi son ɗinkin jakar mata da leda, don ita ake saye. Na ce masa: «Baba, in aka sake kawo irin wannan aiki bayan shekara goma, wa za a kai wa?» Ya ci gaba da jan zarensa, can ya ce: «Wanda ya iya sirdi ya iya wagga. Sirdin ne babu masu so.» Dawakin sarauta na Ƙonni da Illela da Dogarawa su ne suka riƙe sana'ar zuwa yau, daga salla zuwa salla.

Maganar launi ita ce ta ƙarshe da muka yi gardama a kanta da ƙanena. Akwai fentin fata na zamani da ake haɗawa daidai da launin asali, a fesa, kujera ta fito kamar jiya aka yi ta. Shi haka ya so. Ni na ce a taɓa wuraren da fenti ya goge har fata ta fito, don su ne ke shan gumi, a bar sauran. Gefen mazaunin direba na hagu ya fi ko'ina duhu da santsi, wurin da Baba ke dafawa in zai fita, shekara talatin da bakwai. Ƙanena ya dubi wurin, ya sa tafin hannunsa a kai, bai sake maganar feshi ba. Kuɗin dattijon ma shi ya biya, ya ƙara masa da buhun albasa.

Yanzu motar tana cikin rumfar zana mai rufi biyu, don kwano yana tara zafi. Gilashin baya da na gaba a rufe suke da kwali in tana tsaye, tagogi a sassauce kamar faɗin yatsa. An ɗinka wa kujerun riguna na farin yadin auduga, ba na roba ba, waɗanda ake cirewa a wanke. Ana share ƙura duk mako, a goge da tsumma mai danshi duk wata, a shafa mai sau biyu a shekara, farkon hunturu da farkon bazara. Ƙarin da aka yi wa kujerar baya ya ɗan fi sauran haske, duk wanda ya shiga sai ya lura. Dattijon ya ce a ba shi bazara biyu.